Tsiron Okid na Jinsin Polystachya: Ire-irensa, Rayuwarsa da Dalilin Rashinsa a Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san tarihin Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Ana cewa a zamanin sarauniya Daurama wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar, ba ya barin mutanen gari su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ana nan sai Bayajida ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi cikin dare ya sare kan macijin. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan ma'anar wannan labari, amma akwai abu guda da ba a gardama a kansa, watau labari ne na ruwa, kuma a wannan yanki ruwa ne ke yanke wa mai rai hukuncin inda zai zauna. Wannan hukunci bai tsaya a kan mutane kaɗai ba, ya hau kan dabbobi da itatuwa da ƙananan tsirrai.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayanin wani jinsin tsiro da masana ke kira Polystachya, wanda yake cikin dangin da Turawa ke kira okid. Tsiro ne mai ƙananan furanni, mafi yawan ire-irensa a Afirka suke, wasunsu ma a cikin Nijeriya, amma wanda ya zagaya gonakin Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure yana ɗaga kai yana duba rassan gawo da tsamiya, ba zai gan shi ba. Za a duba ko mene ne wannan tsiro, da yadda yake rayuwa, da wasu daga cikin ire-irensa, da abin da Bahaushe ya sani game da danginsa. Daga nan sai a komo kan dalilin rashinsa a ƙasar Daura, da abin da wannan rashi yake koya wa ɗalibi da ma'aikacin hukuma.

2.0 Dangin Okid

Tun daga shekarar 1753, lokacin da Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, ya daidaita hanyar raɗa wa tsirrai suna, kowane tsiro yana da suna mai kalma biyu. Kalmar farko sunan jinsi ce, ta biyu kuwa sunan iri ce a cikin wannan jinsi, kamar dai a ambaci sunan gida sa'an nan a ambaci mutumin da ake nufi a cikin gidan. Jinsuna masu kusanci da juna su ake tarawa a kira su dangi.

Dangin okid yana cikin dangi biyu mafiya girma a tsirrai masu fure, don an ƙididdige masa iri kimanin 28,000. Ana samunsa a kusan ko'ina a duniya in ban da wuraren ƙanƙara ta dindindin da tsakiyar hamada, amma ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama. Da yawa daga cikin masu karatu sun taɓa ɗanɗana ɗan wannan dangi ba tare da sun sani ba. Ƙanshin banila da ake sa wa alewa da kek daga kwanson wani okid ne mai yaɗo, wanda asalinsa ƙasar Meziko ce. Haka kuma waɗanda suka yi karatu a Masar sun san abin shan nan na lokacin sanyi da ake kira sahlab, wanda a asali daga garin saiwar wani okid ake dama shi, kuma daga wannan kalma Larabawa suka samo sunan dangin gaba ɗaya.

Abubuwa uku ne suka fi bambanta okid da sauran tsirrai. Na farko shi ne ƙirar furensa. Yana da ganyen fure shida, uku a waje uku a ciki, ɗaya daga cikin na ciki kuwa ya sha bamban da 'yan'uwansa, shi ake kira leɓe, kuma a kansa ƙwaro yake sauka. Na biyu, bununinsa ba ya tashi a iska kamar na gero ko maiwa. A dunƙule yake, 'yan ƙwallaye masu danƙo, waɗanda ke mannewa a jikin ƙwaro ya kai su wani fure. Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a kan wannan dabara a 1862. A cikinsa ya yi maganar wani okid na tsibirin Madagaska mai bututun ruwan zaƙi da ya kai kimanin santimita 30, ya ce lalle akwai ƙwaro mai harshe mai wannan tsawo. Aka yi ta mamakin maganar, sai a 1903 aka bayyana ƙwaron, wani babban malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare.

Na uku, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga wannan bayani, shi ne ƙwayar irinsa. Ƙwayar gero ko ta wake tana ɗauke da guzurin da ɗan tsiro zai ci kafin ya yi saiwa da ganye. Ƙwayar okid kuwa ba ta da guzuri ko kaɗan. Ƙanana ce kamar ƙura, kwanso ɗaya yakan ƙunshi dubbai, a wasu ire-iren ma har miliyoyi, iska ce ke kwashe su. Idan ƙwayar ta faɗi, ba za ta tsira ba sai ta haɗu da zaren wata irin fumfuna, wadda za ta shiga cikinta ta ciyar da ita har ta yi ganye. Wani Bafaranshe mai suna Noël Bernard ne ya gano haka a 1899. A 1922 kuma Lewis Knudson na Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da ƙwayar a cikin kwalba idan aka ba ta sukari da gishirin da take bukata, kuma wannan ne tushen cinikin furen okid da ake yi a duniya a yau. A daji dai babu kwalba, sai fumfuna, ita kuwa fumfuna ba ta rayuwa sai da laima.

3.0 Jinsin Polystachya

Masanin tsirrai na Ingila William Jackson Hooker shi ya raɗa wa wannan jinsi suna a 1824. Sunan ya fito daga kalmomin Girkanci biyu, ta farko tana nufin yawa, ta biyu tana nufin zangarniyar hatsi. Ke nan da Hausa sai a ce mai zangarniya da yawa. Sunan ya dace, domin a ire-ire da dama sandar furen takan yi rassa, kowane reshe ya cika da 'yan furanni a jere, har wanda ya hango ya tuna da kan dawa a lokacin da take bununi.

An san iri sama da 200 a wannan jinsi. Mafi yawansu suna Afirka kudu da Sahara da tsibirin Madagaska, kaɗan ne suke kudanci da tsakiyar nahiyar Amurka da kudancin Asiya. Yawancinsu a kan itace suke zaune, wasu a kan duwatsu, ƙalilan ne a ƙasa. Furen ba shi da girma, na ire-ire da yawa bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, launinsa kuwa yakan zama rawaya ko tsanwa-tsanwa ko fari, wani lokaci ruwan goro. Saboda ƙanƙantar furen ne masu cinikin okid ba su cika damuwa da shi ba, kuma mai wucewa a kurmi yakan bar shi a bisa kansa bai lura ba.

Akwai alama guda da ake gane shi da ita. A yawancin okid, fure yakan yi rabin juyi a kan sandarsa kafin ya buɗe, don leɓen ya koma ƙasa ya zama wurin saukar ƙwaro. Furen Polystachya ba ya yin wannan juyi, saboda haka leɓensa a sama yake. Ganyen fure biyu na gefe sukan haɗu su yi wani ɗan tudu a samansa kamar hula, shi ya sa furen yake kama da wanda aka kife. Daɗin daɗawa, a ire-ire da yawa leɓen yana lulluɓe da wasu 'yan gasu masu rugurgujewa su zama kamar gari. Wannan gari yana kama da bununi, yana kuma da abinci a cikinsa, ƙananan ƙudajen zuma masu girman galla sukan zo su kwasa. Garin kwasar ne bununi na ainihi yake mannewa a jikinsu.

3.1 Bambancinsa da kauci

Bahaushe idan ya ga tsiro a kan itace, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne kauci. Ya kamata a raba su, domin zamansu a kan itace ba iri ɗaya ba ne. Kauci tsuntsu ne ke kawo ƙwayarsa mai danƙo ya goga a reshe. Idan ta tsira sai ta huda ɓawo ta kutsa cikin itacen, ta riƙa shan ruwa da gishirin da saiwar itacen ta jawo daga ƙasa. Wannan ne ya sa kauci yake zaune lafiya a kan itatuwan ƙasar Hausa har tsakiyar rani, kuma idan ya yi yawa yakan kashe reshen da yake kai.

Okid kuwa ɗan haya ne, wurin zama kawai yake nema. Saiwarsa tana rungumar ɓawo daga waje, ba ta shiga ciki. Saiwar tana da wani farin rufi mai kama da soso, wanda ke tsotse ruwan sama da raɓa nan take, ya kuma rage bushewa. Abincinsa daga ruɓaɓɓen ganye da ƙura da kashin tsuntsaye da ruwa ke wankowa yake samu. Abin da ya tara sai ya adana a cikin wani kumburarren kara da ke gindin ganye, wani kamar albasa, wani kamar gaɓar rake. Hausawa suna cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Okid na kan itace ba shi da rijiyar ma sam, ruwan cikin nan shi ne duk abin da ya mallaka daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwarsa.

3.2 Wasu daga cikin ire-irensa

Polystachya concreta shi ne ya fi kowane iri yaɗuwa, kuma a kansa aka kafa jinsin. Ana samunsa a Afirka, da tsibiran Karibiyan, da jihar Florida ta Amurka, da Kudancin Amurka, da kudancin Asiya. Jacquin ne ya fara bayyana shi a 1760 da wani suna daban, sai a 1974 Garay da Sweet suka ba shi sunan da yake ɗauke da shi yanzu. Furanninsa ƙanana ne, rawaya mai sirkin tsanwa. Da yake kamanninsa suna ɗan sauyawa daga wuri zuwa wuri, an raɗa masa sunaye da yawa a ƙasashe dabam-dabam, masana kuma sun sha yin saɓani a kan inda iyakarsa take.

Polystachya odorata, kamar yadda sunan ya nuna a Latin, mai ƙanshi ne. John Lindley ya bayyana shi a 1862. A wannan shekara Lindley ya yi nazarin okid na Afirka ta Yamma, ciki har da waɗanda Charles Barter ya tattara. Shi Barter yana cikin tawagar Dokta Baikie da ta shigo kogin Kwara a 1857, jirginsu ya fashe kusa da Jebba, ya ci gaba da tara tsirrai a ƙasar Nufe har ya rasu a Raba a 1859.

Polystachya galeata yana cikin masu manyan furanni a jinsin, sunansa kuwa yana nufin mai kwalkwali, saboda hular nan da aka ambata ta fito sosai a kansa. Polystachya affinis yana da kara mai faɗi, kewayayye, wanda ke kwanciya a jikin ɓawo, furensa rawaya ne mai ratsin ja. Polystachya paniculata kuma furanninsa ruwan lemo ne, masu yawan gaske a kan sanda mai rassa. Duka ukun 'yan kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne.

Polystachya golungensis ya samo sunansa daga wani yanki na Angola. Ganyensa yana da kauri, furensa ƙanƙane ƙwarai, kuma ya fi 'yan'uwansa da yawa jure bushewa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Polystachya cooperi, wanda ba a san shi a ko'ina ba sai a dazukan kan tsaunuka na Nijeriya da Kamaru, kuma an sa shi cikin jerin tsirran da ake jin tsoron ƙarewarsu. Idan aka jera concreta da cooperi, za a ga cewa a gida ɗaya akwai wanda ya ratsa tekuna, akwai kuma wanda sarar 'yan tsaunuka kaɗan za ta iya shafe shi daga doron ƙasa.

4.0 Abin da Bahaushe ya sani

Harshen Hausa ba shi da kalma ɗaya da ta tattara dangin okid, kuma wannan ba aibi ba ne. Al'umma takan raɗa suna ne ga abin da take gani, take kuma amfani da shi. Hanyar Bahaushe ta raɗa wa tsiro suna tana da tsari. Wani lokaci yakan kwatanta shi da abin da aka sani ya jingina shi ga wata dabba, kamar albasar kwaɗi da giginyar biri da nonon kurciya da haƙorin maciji. Wani lokaci kuma yakan kira shi da aikin da ake fatan ya yi, kamar rai-ɗore.

Duka hanyoyin biyu sun haɗu a kan wani okid na kan itace da masana ke kira Ansellia africana. Shi ba ɗan jinsin Polystachya ba ne, furensa ma babba ne, rawaya mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Lindley ya sa masa sunan John Ansell, wanda ya samo shi a tsibirin Fernando Po lokacin tafiyar Turawa zuwa kogin Kwara ta 1841. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta masa sunaye biyu. Ɗaya shi ne murucin bisa, domin karansa ya yi kama da muruci, ga shi kuwa a sama maimakon cikin ƙasa. Ɗayan shi ne manta-uwa, saboda ana ba yaro shi a lokacin yaye don ya daina ƙulafucin nono. Waɗannan sunaye shaida ne cewa Bahaushe ya lura da tsiron, ya kuma bambanta shi da kauci tun kafin a zo da ilmin tsirrai na zamani.

Aikin Dalziel bai tsaya nan ba. Shi da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sa'an nan ya fitar da littafin tsirrai masu amfani a 1937. A bugu na biyu na kundin, V. S. Summerhayes ne ya rubuta sashen okid, wanda ya fito a 1968. A 1980 Z. O. Gbile ya wallafa wani jerin sunayen tsirran Nijeriya da Hausa, a 1983 kuma L. B. Segerbäck ya fitar da littafi a kan okid na Nijeriya. Abin lura a nan shi ne kusan duk wannan ilmi da Turanci aka ajiye shi, alhali kuwa wani ɓangarensa daga bakin mafarauta da makiyaya da ungozomomi da masu sayar da magani aka karɓo shi.

5.0 Dalilin rashinsa a ƙasar Daura

Idan aka haɗa abubuwan da suka gabata, dalilin ya fito fili. Ruwan saman da ke sauka a Daura a shekara kimanin milimita 600 ne, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. A Jos yakan kai kimanin 1,400, a Kalaba kuwa ya kusa 3,000. Bayan ɗaukewar ruwa a Daura sai hunturu ya shigo da busasshiyar iska, bazara ta biyo da zafinta, watau wata bakwai zuwa takwas ke nan ɓawon itace yana bushe ƙamas. Gawo da aduwa da kurna suna da saiwa mai nisa, kuka tana da ma'ajiyar ruwa a cikinta, kauci yana da mai ɗauke da shi. Ɗan tsiron okid da bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke jiran fumfuna ta ciyar da shi a kan reshe, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko da iska ta kawo ƙwayarsa daga kudu, kafin ta yi kara rani ya gama da ita.

Saboda haka wanda yake son ganin okid na kan itace a Arewa sai ya gangara kudu, zuwa kurmin bakin rafuka na kudancin Jihar Kaduna, ko tsaunukan Jos, ko Mambila da Gashaka a Jihar Taraba. A filin daji kuwa, 'yan wannan dangi sun ɗauki wata dabarar. Jinsin Eulophia, alal misali, a ƙasa yake zaune, yana ɓoye abincinsa a saiwa mai kama da gwaza. Da rani sai ya bushe a sama, gobarar daji ta wuce ta kansa, da ruwan farko ya sauka sai a ga sandar fure ta fito tun kafin ganye.

6.0 Abin da ya rataya a wuyan ɗalibi da ma'aikaci

Iyakar da ruwa ya shata ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa masu yawa a arewacin ƙasar Hausa. A kudu kuma sarar katako da ƙona gawayi da faɗaɗa gonaki suna cin kurmi. Okid na kan itace shi ne ke fara tafiya, domin yana bukatar tsohon itace mai kaurin ɓawo, da inuwa, da laima, da fumfunarsa, da ƙwaronsa, idan ɗaya ya ɓace sauran ba su da amfani. Don haka ma'aikacin gandun daji yana iya ɗaukarsa ma'auni. Kurmin da okid ya ƙaura daga cikinsa ya fara bushewa, ko da daga nesa ana ganinsa kore. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma batun doka. Yarjejeniyar nan ta duniya mai suna CITES, wadda aka ƙulla a birnin Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sa dangin okid a ƙarƙashin kulawa, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Ma'anar haka ita ce ba a fitar da okid na daji zuwa wata ƙasa sai da takardar izini. Ya kamata ma'aikatan kwastan da na gandun daji, har da na kan iyakar Kwangwalam, su san kamannin abin da doka ta ce su tsare.

Ba za a ce a dasa Polystachya a Daura ba, wurin ba nasa ba ne. Abin da ƙasar Daura take bukata shi ne itatuwanta na asali su tsaya da ƙafarsu. Misalin yana nan kusa, a ƙetaren iyaka. Tun daga shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su tumɓuke shi, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun komo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5, gawo kuwa yana kan gaba a wajen Magarya da Matamaye. Jihar Katsina tana cikin jihohi goma sha ɗaya da shirin nan na katangar itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa a Nijeriya.

Ɗalibin Hausa shi ma yana da nasa rabo. Sama da shekara ɗari ke nan da fitowar littafin Dalziel, kuma tsofaffin da suka san sunayen nan suna ƙarewa. Aikin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A je wurin mai magani ko ungozoma, a rubuta suna da lafazinsa daidai, da garin da aka ji shi, da amfanin da aka faɗa, a ɗauki hoton tsiron, a kai busasshen samfurinsa ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, don a tabbatar da sunansa na kimiyya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa Polystachya jinsi ne na Afirka mai iri sama da 200, mai ƙananan furanni da leɓe a sama, wanda ke zaune a kan itace ba tare da ya cuce shi ba. An ga kuma cewa rayuwarsa ta rataya ga laima tun daga ƙwaya, shi ya sa ya tsaya a kurmi bai iso ƙasar Daura ba, ko da yake harshen Hausa ya adana sunan ɗan'uwansa a cikin manta-uwa da murucin bisa. Rijiyar Kusugu tana nan a cikin ginin da aka kewaye ta da shi, baƙi suna zuwa suna leƙawa, domin an san darajarta an kuma tsare ta. Kurmin da ya rage a Arewa, da sunayen tsirran da ke cikinsa, suna bukatar irin wannan tsaro daga waɗanda aka ilmantar da waɗanda aka ba amanar aikin hukuma.